Yadda na sha fama da makin gwaji mai hawa da sauka kafin in zauna LSAT

Tun da aka ji na zauna LSAT, jarabawar shiga makarantar lauya a nan Amurka, ake ta tambayata, wasu bayan sallar Juma'a wasu ta waya, kuma abin mamaki tambayar kuɗi ba ita ta fi yawa ba, wadda ta fi yawa ita ce "na yi gwaji na samu maki mai kyau, bayan sati ɗaya na sake yi na zube, anya kaina bai toshe ba?" Toh bari in rubuta yadda tawa ta kasance tun daga farko, wanda zai bi hanyar nan ya san abin da ke gabansa.

Da farko a sani tsarin nan ba irin na gida ba ne. A Najeriya yaro zai yi JAMB ya shiga jami'a ya yi shekara 5 yana karatun lauya, sannan ya wuce makarantar horas da lauyoyi ta Bwari ko ta Bagauda ko wani reshen nata. A nan kuwa sai ka gama digirin farko a kowane fanni, sannan ka nemi shiga karatun da ake kira JD, shekara 3 ne ga mai yin na rana, yawanci 4 ga mai yin na yamma, kuma mafi yawan makarantu LSAT suke nema. Wanda ya riga ya yi digirin lauya a gida shi galibi LLM yake nema, wato digiri na biyu a fannin lauya, wannan babu ruwansa da LSAT. Ni kimiyyar siyasa na karanta a wata jami'a a Arewa, ina zaune a Bronx cikin birnin New York da iyalina, aikin gadi nake yi da daddare a wani gini a Manhattan, saboda haka hanyar JD ce tawa.

Matakin farko na buɗe akawun a shafin LSAC, su ne hukumar da ke shirya jarabawar, kuma ta wajensu duk takardunka za su bi su isa makarantu. Buɗe akawun kyauta ne, amma ka rubuta sunanka daidai yadda yake a fasfo ko katin shaidar da za ka nuna ranar jarabawa, mu da muke da Muhammad da Mohammed da Muhammadu a takardu daban-daban wannan ba ƙaramin abu ba ne. Daga nan sai LawHub, shafin da tsofaffin jarabawowinsu da ake gwaji da su suke, akwai kaɗan na kyauta, in kana son duka sai ka biya, ni dala 120 na biya na shekara. A ƙarshen 2024 na fara, lokacin an riga an canza tsarin jarabawar, domin tun daga watan Agusta na shekarar aka cire sashen nan na wasan jera abubuwa da zane-zane da mutane suka daɗe suna tsoro. Abin da ya rage sashe huɗu ne, kowanne minti 35. Biyu na tantance hujja, a ba ka ɗan gajeren zance a ce nemo inda hujjar ta yi rauni, ko me zai ƙarfafa ta, ko wane abu mai maganar ya ɗauka a matsayin gaskiya bai faɗa ba. Ɗaya na karatu, dogayen nassoshi kashi huɗu kan shari'a da kimiyya da fasaha da zamantakewa. Na huɗun ba a lissafa makinsa, sababbin tambayoyi suke gwadawa a kanka, kuma ba za a gaya maka wanne ne ba. Maki daga 120 ne zuwa 180, tsakiyar jama'a na wajen 150 da ɗan wani abu, manya irin Yale da Harvard kuwa tsakiyar ɗalibansu ya haura 170.

Gwajin farko da na yi ban karanta komai ba na samu 146. Bai dame ni ba sosai, dama ban san me ake nema ba. Na fara karatu, in na taso daga aiki da safe in hau jirgin ƙasa na layin D in dawo gida in yi barci, da rana in tafi babban laburaren Bronx da ke Kingsbridge Road in zauna. A nan ne abu ya fara daɗi, 150, 152, 155, kowane gwaji ya ɗara na baya, har na fara lissafi a raina cewa in aka ci gaba a haka kafin bazara na taɓa 170. Wata Asabar na samu 161, wallahi ranar har tsire na siyo wa yara, na kira Hajiya a Kano ina mata bayanin da na san ba ta gane kan lambobin ba, ta ce "to ɗan nan Allah ya yi albarka, Allah ya sa a gama lafiya." Sati na zagayowa na sake zama na samu 153. Na duba allon na sake dubawa, na ce ko dai wani sashe bai shiga lissafi ba, ina, duk sun shiga. Na gaba 158, na bayansa 154. Abin da ya fi ci min rai ba saukar ba ce, rashin sanin dalilinta ne, domin karatun da na yi kafin 153 ya fi wanda na yi kafin 161 yawa. Sai mutum ya fara zargin kansa, ko dama 161 ɗin sa'a ce kawai, ko Turancin ne ya kai iyakarsa, ko shekaru ne, ga yara 'yan 22 da aka haifa a nan suna ta zancen 170 kamar ba komai ba.

Ana cikin haka kuma ga rigimar takardu. Akwai wani tsari nasu da ake kira CAS, shi ke tattara transkirif ɗinka, wato takardar sakamakon karatunka na jami'a, da wasiƙun shaida na malamai ko shugabannin aiki ya haɗa da makinka ya aika wa makarantu, dala 207 na biya, sannan a lokacin kowace makaranta da za a aika wa rahoto dala 45. Mu da muka yi karatu a waje dole jami'ar ce da kanta za ta aiko musu transkirif, ba a karɓa daga hannunka ko da an buga masa hatimi goma, kuma ba sa mayar da sakamakonmu zuwa lambar GPA, wato matsakaicin makin digiri, irin ta nan, sai dai a tantance a ce sakamakon mai fifiko ne, ko sama da matsakaici, ko matsakaici, ko ƙasa da shi. Ma'anar wannan ita ce makin LSAT ya fi nauyi a kanmu fiye da ɗan nan, saboda shi ne lambar da makaranta za ta iya auna mu da ita kai tsaye, kuma sanin hakan ya ƙara min nauyi a ƙirji duk ranar da gwaji ya sauka. Ƙanina ne ya dinga zirga-zirga a jami'armu, yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce fayil ɗin yana wani ofis, jibi a ce a sake biyan kuɗin aikawa, watanni aka ɗauka kafin in ga an rubuta a akawun ɗina cewa ya iso. Wanda duk zai yi wannan ya tura neman transkirif tun ranar da ya fara karatu, kar ya jira sai ya zauna jarabawa.

Wadda ta warware min zancen maki wata yayarmu ce 'yar Kumasi, ta gama makarantar lauya a nan New York tana aiki, matata ce ta haɗa ni da ita ta wajen 'yan uwanta na zango. Na kai mata littafin da nake rubuta makina, na ce "Yaya ki duba min, ni dai na kasa gane ko gaba nake yi ko baya." Ta duba ta yi dariya ta ce "Ƙanina, tambaya nawa ka faɗi a wannan, nawa ka faɗi a wancan?" Muka buɗe muka ƙirga, tsakanin 161 da 153 ɗin bambancin bai wuce tambayoyi 'yan kaɗan a kowane sashe ba. Ta ce tambayoyin da ake lissafawa gaba ɗaya saba'in da 'yan kai ne, kuma a wannan yankin na maki kusan kowace tambaya ɗaya maki ɗaya ce ko kusa da haka, toh a kowane gwaji akwai tambayoyin da ka rage zaɓi biyu ka canka, ranar da canke ya faɗa maka sai ka hau, ranar da ya ƙi sai ka sauka, alhali kai ɗin dai kai ne. Ta kuma nuna min abin da ban taɓa lura da shi ba, su kansu masu jarabawar in sun ba ka sakamako ba lamba ɗaya tak suke rubutawa ba, suna haɗawa da wani zango na maki, wajen uku ko huɗu sama da ƙasa, wato su da kansu sun yarda awon nasu yana motsi. Kamar awon hatsi ne da kwano a Dawanau, buhu ɗaya ne amma wannan ya cika da tozo wancan ya shafe baki, sai ka auna sau da yawa kafin ka san abin da ke cikin buhun. Ta ce in daina kallon na jiya, in dinga haɗa biyar na ƙarshe in raba biyar, wannan lambar ita ce ni. Da na yi haka sai na ga tun daga farko lambar ba ta taɓa komawa baya ba, tafiya take a hankali, 153, 154, 156.

Daga ranar na canza yadda nake rubuta abubuwa. Gefen kowane maki sai in sa ƙarfe nawa na yi gwajin, awa nawa na yi barci, na ci abinci ko ban ci ba, a gida ne yara na kai-kawo ko a laburare. Ba a daɗe ba abin ya fito fili, duk gwajin da na yi ranar da na taso daga aikin dare sashen karatu ne ke rushewa, musamman nassi na uku da na huɗu, in karanta sakin layi in kai ƙarshe ban san me na karanta ba in sake komawa, agogo kuma na tafiya. Sashen hujja bai cika motsi ba. Sannan akwai nau'in nassi, in aka kawo na shari'a ko tarihi ina tafiya sumul, in aka kawo na kimiyya, ƙwayoyin halitta ko taurari, ko sharhin zane-zanen Turawa da ban taɓa jin sunan masu su ba, sai in ci lokaci. Wato wani gwajin yana zuwa da abin da ya dace da kai wani kuma a'a, kuma kowane gwaji da teburinsa na mayar da adadin da ka ci zuwa maki, wanda ya fi wuya ana ɗan sassauta masa. Na kuma fara wani abu da yayar nan ta koya min, in na gama gwaji ba na duba amsa nan take, sai in koma kan tambayoyin da na yi shakka in sake yinsu ba agogo, sannan in duba. Wanda na gyara da kaina matsalar lokaci ce ko gajiya, wanda na sake faɗi ko ba agogo shi ne ban iya ba, shi zan zauna in koya. Nawa mafi yawa tambayoyin nan ne na abin da dole hujja ta dogara a kansa, da waɗanda ake cewa nemo hujjar da ta yi kama da wannan a tsari, dogaye ne masu cin lokaci, sai na koma barinsu sai ƙarshe, kuma tunda ba a rage maki in ka faɗi ba na barin ko ɗaya ba amsa.

Na yi rajistar zama na watan Afrilu 2025, dala 238, ana rufe rajista kusan wata ɗaya da rabi kafin ranar. Akwai rangwame ga masu ƙaramin ƙarfi, ɗan ƙasa ko mai girin kad zai iya nema, takardun haraji suke dubawa, wanda ya cancanta ya nema tun kafin ya biya komai domin yana ɗauke kuɗin jarabawar da na CAS. Na ƙara dala 45 na sayi damar ganin makina kafin in yanke ko in bar shi ko in soke, in ka bari sai bayan jarabawa kuɗin ya fi haka. Sai ga azumi ya shigo a farkon Maris, daidai lokacin da ya kamata in fi matsawa. Gwajin da na yi a satin farko na azumi da la'asar 150 na samu, kusan inda na faro. Na shigo gida ban ce komai ba, maiɗakina ta kalle ni ta ce "Abban yara, yau kuma nawa aka ba ka?" na gaya mata, ta ce "mutumin da bai yi barci ba bai sha ruwa ba, ai ko lissafin cefane ba zai yi daidai ba, ka bari a sha ruwa." Gaskiya ta faɗa, amma duk da na san bayanin awo da zango da komai, daren nan a wurin aiki sai da na buɗe shafin rajista ina kallon yadda ake ɗage jarabawa zuwa Yuni. Sanin dalili bai hana zuciya bugawa ba, abin da ya hana ni ɗagewa littafin nan ne, na duba na ga lamba ɗaya ce a cikin jeri, kuma an rubuta a gefenta barci awa uku, azumi, la'asar. Sauran azumin na daina cikakken gwaji sai ranar da ba ni da aiki, in yi shi da safe bayan na ɗan kwanta bayan asuba, sauran ranaku sashe ɗaya kawai da bitar kurakurai. Goman ƙarshe ma kusan ajiye karatun na yi gaba ɗaya, kuma bayan sallah da na dawo na samu 162, hutun bai rage min komai ba.

Akwai ɓangaren rubutu da ake yi daban a gida a kan laftof, ana buɗe shi kwana 8 kafin jarabawa, minti 15 na tsara tunani da 35 na rubutu, a ba ka wani batu da ra'ayoyi daban-daban ka ɗauki matsaya ka kare. Ba a ba shi maki amma makarantu na gani, kuma in ba ka yi shi ba ba za a sakar maka sakamako ba, saboda haka na yi shi tun kafin ranar, sai da na nuna wa kamara ɗakin gaba ɗaya har ƙarƙashin tebur, yara kuma aka kai su gidan maƙwabta. Ita babbar jarabawar a lokacin ana da zaɓi, a gida ana kallonka ta kamara ko a cibiyar jarabawa ta kamfanin Prometric, ni cibiya na zaɓa saboda gidanmu ba a rasa hayaniya, kuma ranar da aka buɗe zaɓen lokaci na shiga da wuri na kama na safe, daidai lokacin da littafina ya nuna kaina ya fi aiki. Na ɗauki hutun dare biyu a wurin aiki. Ranar na isa da wuri, aka duba fasfo, waya da agogo da komai aka sa a loka, aka duba aljihu, aka ba ni takardar zayyana da abin rubutu, aka zaunar da ni gaban kwamfuta. Sashe biyu, hutun minti 10, sai sauran biyun. Sashen karatu biyu na samu, wato ɗaya na gwaji ne, ɗaya ya yi min sauƙi ɗaya kuma akwai wani nassin kimiyya da ya sha ni, na fito ban san wanne za a lissafa ba.

Jiran sakamako kusan sati uku ne kuma ya fi karatun wahala, domin babu abin da za ka iya yi. A ƙarshen Afrilu imel ya shigo, 160. Biyar ɗina na ƙarshe kafin jarabawa sun kama daga 157 zuwa 163, in ka haɗa ka raba 160 da ɗigo ne. Ba mafi girman da na taɓa samu ba ne, ba kuma mafi ƙanƙanta ba, tsakiyar ce ta fito. In ka sayi damar ganin maki ana ba ka kwana 6 ka yanke shawarar sokewa, ban soke ba, domin sokewar ma tana fitowa a rahotonka kuma tana cin ɗaya daga cikin damarka, ga shi an iyakance zama, sau 5 a cikin shekarun da ake lissafi da su, sau 7 a rayuwa gaba ɗaya. Makarantu kuma mafi girman makinka suke kai wa ƙungiyar lauyoyi ta ABA a rahotonsu, shi ya sa maki ɗaya mara kyau a fayil ba ya kashe mutum.

Abin da zan ce wa mai shiri yanzu, kar ya yanke hukunci da gwaji ɗaya, ko mai kyau ko mara kyau, mai kyaun ma ya fi yaudara domin shi ke sa mutum ya ɗauka nan ne matsayinsa, duk abin da ya zo ƙasa da shi sai ya zama faɗuwa. In tsakanin makinka na sama da na ƙasa bai wuce shida ko bakwai ba wannan motsin awo ne kawai, in ya wuce haka ka duba barci da lokaci da kuma wane sashe ne ke rawa kafin ka zargi ƙwaƙwalwarka. Kar kuma a dinga ƙona gwaji kullum don neman lambar da za ta kwantar da hankali, tsofaffin jarabawowin suna da iyaka, wanda ka taɓa gani kuma makinsa kumbura yake yi, ɗaya a sati da bita mai kyau ya fi uku ba bita. A yi shi da sashe huɗu cif da hutun minti 10 a tsakiya, a lokacin da za a zauna na gaske. Kuma kafin ka sa wa kanka 170 a rai ka buɗe rahoton da ake kira 509 na makarantun da kake so, kowace makaranta da ABA ta amince da ita tana fitar da shi duk shekara, za ka ga makin tsakiyar ɗalibanta da yawan waɗanda ta ba tallafin karatu, wanda ya haura tsakiyar nan shi ya fi samun ragin kuɗin makaranta. Ni da nake neman karatun yamma a cikin New York saboda aiki da iyali, CUNY da New York Law School da Fordham na duba, 160 ta ishe ni a wasu, a Fordham kuwa tana ƙasa da tsakiyarsu. Ana buɗe karɓar takardu wajen watan Satumba kuma suna dubawa ne yadda suke shigowa, saboda haka na bar zancen sake zama, na koma kan wasiƙun shaida da rubutun bayanin kaina don in tura da wuri.